Labarin da Bappa Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sai dai Bappa ya riga mu. Ya rasu da hantsi a gidansa da ke unguwar Shamaki a Gombe bayan doguwar jinya, aka kai shi bayan La'asar.

Na zauna a makoki da yawa, na san yadda ake yabon mamaci, kowa ya kawo abin da ya samu. A na Bappa yabon yana fitowa ne da taka-tsantsan. Liman ya ce tun da ya zo unguwar bai taɓa duba sahun gaba ya rasa shi ba. Tsofaffin abokan aikinsa na kotu suka ce ba a taɓa jin ya karɓi ko goro a hannun mai ƙara ba. Samarin da suka haƙa kabari ba su san komai game da shi ba, in ban da tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare wanda ba ya son hira. Can gefe na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa ai shi ne mai labarin nan, ɗayan ya taka masa ƙafa, suka koma jan carbi.

Mutum ɗaya ne ya yi kuka a fili. Wani dattijo ne Ibo, Kirista, wanda ya tsufa yana sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa har idonsa ya rufe. Matarsa ce ta riƙo shi har bakin tabarma. Ya cire hularsa, ya yi mana gaisuwa da Hausar da ta fi ta wasunmu kyau, sannan ya tambayi iska wa zai riƙa karanta masa yanzu.

A cikin gida kuwa mata ƙofa suke kallo. Mutum ɗaya suke jira, kuma ba ta zo ba. Goggo ce, ƙanwar Bappa uwa ɗaya uba ɗaya, autar ɗakinsu. Tana Dawaki, tafiyar da ko a ƙafa ba ta gajiyar da tsohuwa. Shekara da shekaru ba ta taka gidansa ba, ba ta amsa sallamarsa ba, kuma ya mutu bai ji ta ce ta yafe masa ba. Abin da ya fi roƙona ke nan a kwanakinsa na ƙarshe, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Bappa ƙanin mahaifina ne. Ni dillalin hatsi ne, da ɗaukar buhu na fara, yau ina da rumfuna da ma'aikata. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na san mutane, kuma rabin abin da na sani a bakinsa na ji. Shi ya koya mini cewa in mutum ya zo da bayani, kada in fara tambayarsa abin da ya gani, in fara tambayarsa me ya kai shi wurin. Ya ce mai ƙarya yakan shirya amsar farko, ya manta ta biyu. Har yau da wannan nake gane mai waken da aka jiƙa don ya yi nauyi.

Aikinsa tafinta ne a kotu. Yana jin Fulatanci da Hausa da Turanci, don haka duk wanda aka kawo daga ruga ko ƙauye, ta bakin Bappa yake magana, ta bakin Bappa kuma yake jin hukunci. Ya taɓa gaya mini cewa alƙali yakan yanke hukuncin kisa da Turanci ya tashi abinsa, amma mutumin da ke tsaye bai san zai mutu ba sai Bappa ya faɗa masa da harshen uwarsa. Ya ce fuskarsa suke kallo, ba ta alƙali ba. Ya faɗi haka ne yana ɓare gyaɗa, kamar yana maganar farashin kalanzir.

Mutumin da ya wuni a irin wannan wurin, za ka zaci in ya dawo gida abin dariya zai nema. Shi kuwa littattafan kisan kai yake karantawa. Ƙananan littattafai ne na Turawa, tsofaffi, takardarsu ta koma ruwan ƙasa, bangonsu hoton mutum da bindiga ko mace tana waige. A wurin dattijon nan na kasuwa yake samunsu, can abotarsu ta samo asali. Na taɓa tambayarsa abin da yake so a cikinsu. Ya ce su kaɗai ne littattafan da ba sa yi masa ƙarya. Mai binciken da ke ciki talaka ne, a gajiye, a ɗakin haya, ana dukansa, ana yaudararsa. Ɗan sanda yana da ubangida, mai kuɗi yana da gawa a bayan gida, kyakkyawar mace tana da dalilinta. In an kama mai laifi a ƙarshe ba wanda ya yi murna, domin garin yana nan yadda yake.

Yana maganar marubutan kamar 'yan unguwarsu ne. Ya ce ba malamai ba ne, mutane ne da rayuwa ta tauna ta tofar, wasu tsofaffin masu bincike, wasu 'yan jarida da aka kora, da yawansu mashaya. Suna rubutu ne don mujallu masu araha saboda yunwa, shi ya sa ba su da lokacin ado. Mutum ya shigo, ya zauna, ya yi ƙarya, a rubuta haka. Bappa ya ce wanda ya taɓa ganin gawa ba ya yi mata kirari, kuma da layin farko yake gane marubucin da ya gani da wanda ya ji a bakin wani. Ya gwada rubuta irin nasa da Hausa bayan ya yi ritaya. Masu buga littafi suka ce ya sa soyayya da biki, ya sa mugu ya tuba a ƙarshe. Ya kwaso takardunsa ya dawo, ya ce a kotu bai ga haka ba.

Da aka hana shi takarda sai ya koma baki. Akwai wata dalbejiya a bakin layinsu, da mai shayi da bencina. Bayan La'asar zuwa kiran Magariba Bappa yakan zauna can yana ba da labari kashi-kashi, yau ya tsaya a inda rai ya fi so, gobe ya ɗora. Da fari labaran littattafan yake mayarwa Hausa. Daga baya ya fara ƙirƙirar nasa, ya dasa su a Gombe, a layukan da kowa ya sani. Teloli sukan rufe shago su zo, masu keke su ajiye fasinja su dawo da gudu. Ina zuwa duk lokacin da kasuwa ta sake ni.

Yana da hanyar aikinsa, kuma ba ya ɓoye ta. Ya ce shi bai iya ƙirƙirar mutum ba, Allah kaɗai ke wannan. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki ɗabi'ar wani mai rai ya manna wa na cikin labari: tarin wane, tafiyar wane, yadda wane ke lasar yatsa kafin ya gaisa. Mutane suna jin daɗin haka, kowa na so a ce an gan shi a ciki. Ni ma an sa ni, dillali mai murmushi da ido ɗaya a kan sikeli, aka yi ta yi mini tsiya har sallah. Mai binciken kuwa kowa ya san wane ne, tsohon ɗan sanda da aka kora, mai ɗakin haya a Jekadafari, mai tabarau ɗaure da zare, mai shan shayi ba sukari.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta littattafan da shi ya sani, masu sauraronsa ba su sani ba. A irin wannan labarin, wanda duk alamu suka nuna tun farko ba shi ne mai laifi ba. Ana ajiye shi ne a gaba don ido ya tsaya a kansa. Mu kuwa da tatsuniya muka tashi, inda mugu tun daga fitowarsa mugu ne, kura ba ta zama tunkiya a ƙarshe. Kuma mun san Bappa ya ƙare ƙuruciyarsa a kotu. In ya ce abu, ko da sunan labari, rabin bencin yana ɗauka wani abu ya sani.

Wata shekara aka wayi gari an kashe maigadin wasu shaguna a Dawaki, an rotsa masa kai, an kwashe kaya. Ba a kama kowa ba. Garin ya ɗauki zafi, 'yan uwan mamacin da samarin unguwa suna yawo da ido ja. Maganar da ake yi ke nan a kowace majalisa, sai Bappa ya ga labari ya zo har gida. Ya fara sabo, na wani maigadi da aka kashe da duka a ka.

Goggo ɗa ɗaya gare ta, taubashina, abokin wasana. A ruga ya tashi wurin dangin ubansa, da shanu suka ƙare ya shigo gari ya kama tuƙin keke, ya yi aure. Shanun sun tafi amma sandar ba ta tafi ba. Duk inda zai je a ƙafa yakan ɗora ta a kafaɗu ya rataya hannuwansa biyu a kai, kamar yana bin garke a tsakiyar kwalta. Nakan tsokane shi in ce ina shanun, ya ce suna rumfata, su ne ma'aikatana. Bappa yana sonsa fiye da mu duka. Saboda son ne ya ba shi wuri babba a labarin: wani mai sanda a kafaɗa, wanda aka gani kusa da shagunan, wanda ya kasa faɗin inda yake a ranar.

Ran da aka fara, taubashin nawa yana wurin, shi ya fi kowa dariya. Ya ce, "Kawu, tunda ka sa ni, to ka haɗa ni da mace mai kyau a ciki, ta gida ta gaji da ni." Aka yi dariya aka watse.

A kwanakin da suka biyo dariyar ta ragu. Baƙin fuskoki suka fara zuwa, suna tsayawa a bayan bencina ba sa shan shayi. Ni ina ƙauyuka ina sayen wake, mai shayin ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce ranar ƙarshe Bappa ya kai inda mai bincike ya ɗauki sandar ya ga an kankare kanta, sai aka kira Magariba, ya miƙe. Wani daga cikin baƙin ya tare shi ya tambaye shi ko mai sandar ne ya kashe. Bappa ya yi murmushin da yakan yi in labari ya kama mutane, ya ce, "Ku dai biyo ni. Gobe."

Kafin La'asar ɗin goben, maganar ta zaga Dawaki cewa tsohon tafintan kotu ya nuna wanda ya yi, kuma ɗan ƙanwarsa ne, shi ya sa yake kewaye-kewaye. Masu neman fansar maigadin suka sami taubashina da rana tsaka a inda masu keke ke jiran fasinja. Mutane na kallo. Da sandarsa suka fara. Na dawo na tarar an riga an binne shi, matarsa da ciki. An kama wasu, an sake su, ba wanda ya tsaya gaban alƙali.

A zaman makokin Bappa ya miƙe a gaban jama'a ya ce labari ne kawai, kuma ko a labarin yaron ba shi ne ya kashe ba, an sa shi ne don ya ɗauke hankali. Aka dube shi kamar mai kare nasa bayan aiki ya ɓaci. Wani ya ce to in ba shi ba ne, wane ne? Bappa ya buɗe baki, ya dubi fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya zauna.

A nan rigimarsa da Goggo ta tsaya, ba a kan mutuwar kanta ba. Goggo mace ce mai tawakkali, ta ce kwanan ɗanta ne ya ƙare. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne a ci gaba da kiran ɗanta mai kisan kai, a haifi jikanta a cikin wannan sunan. Ina zaure lokacin da ta same shi. Hamma take ce masa, wato yaya da Fulatanci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hamma, da bakinka ka ɗora masa, da bakinka za ka sauke. Ka koma ƙarƙashin bishiyar ka ƙarasa, ka faɗi wanda ya kashe, su ji ba ɗana ba ne."

Ya ce ba zai iya ba. Ta tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Ta ɗauka a ransa shi ma yana zargin yaron. Ta gyara mayafinta ta fita, kuma daga ranar ko a gidan biki suka haɗu takan juya masa baya.

Ni na gane dalilin tun a lokacin, domin na san yadda yake aiki. Ba wani a labarin da ba shi da mai shi a gari. Duk wanda ya kira da sunan makashi, akwai mutum mai rai da ke wannan tarin ko wannan tafiyar, kuma masu sandunan suna nan. Na kai wa Goggo wannan bayanin ba sau ɗaya ba. Sana'ata ke nan, in shiga tsakanin mutum biyu in nemo inda za su haɗu, kuma ba kasafai nake dawowa hannu wofi ba. Ta saurare ni ta ce ita ba ta ce a kashe ɗan kowa ba, amma me ya sa ɗan kowa ya fi nata a wurin Hamma? A gaskiya kowannensu yana da hujja, kuma irin wannan cinikin shi ne ba ya faɗuwa.

Bappa bai sake zama ƙarƙashin dalbejiyar ba. In zai je masallaci yakan bi ta bayan layi. Ya daina hira, ya daina dariya, ya rame. Duk sallah yakan je ƙofar Goggo ya yi sallama, ya tsaya, ya dawo. Abu ɗaya ne bai bari ba. Da idon abokinsa mai littattafai ya rufe, yakan je gidansa ya zauna a baranda ya karanta masa tsofaffin littattafan nan da Turanci, labaran garuruwa masu nisa inda ba wanda ke tafiya irin ta mutumin Gombe. Matar gidan ta gaya mini cewa wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar shafi, sai makahon ya ce masa ya ci gaba, waɗannan mutanen takarda ne, ba sa mutuwa. Bappa ya ce shi ma da haka ya zata.

Da ciwo ya kwantar da shi ni nake kai shi asibiti, domin 'ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari. Wata safiya ina gyara masa filo ya riƙe hannuna. Muryarsa ta kusa ƙarewa, sai na sunkuya. Ya ce ƙarshen da ya shirya tun farko zai tafi da shi kabari, kada in tambaye shi. Amma duk shekarun nan yana neman wani ƙarshen da ba zai ci kowa ba, sai da ya kwanta ya same shi.

"Dillali, ka ce mai binciken ne."

Na ce ai kowa ya san wane ne mai binciken, kuma mutanen nan ba su canja ba, wasu za su ɗauka da gaske shi ya kashe maigadin. Ya ce ya sani. Ya ce sunansa ne kaɗai abin da ya rage masa wanda zai iya bayarwa, kuma ba a dukan wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Sannan ya ƙara da cewa ba ma ƙarya ba ce ƙwarai, ai mutum ya mutu a hannun mai binciken. Ya so in ɗauke shi a mota in kai shi ya faɗa da kansa, na ce sai ya ɗan ji ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba.

Da ya cika, ana shirin wanka na tafi Dawaki. A al'adarmu kafin a ɗaga gawa ana roƙon duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe, kuma na so in dawo da kalmar Goggo kafin liman ya tambaya. Na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaya mata. Hannunta ya tsaya a cikin faranti, ta yi salati, hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Na ce Goggo, yau dai ki yafe masa. Ta tambaye ni ko ya ƙarasa labarin. Na ce ya bar mini ƙarshen. Ta ce to in ƙarasa, in ta ji da kunnenta za ta san abin da za ta ce. Na ce ba za a jira da gawa ba. Ta ce ita ma an binne nata ba a jira ta ba.

Haka aka yi masa salla. Liman ya roƙi yafiya, jama'a suka amsa sun yafe, ni kuwa na san muryar da ake bukata ba ta cikinsu.

Na kira 'yarsa gefe na gaya mata wasiyyar, domin sunan ubanta ne, ba zan sayar da shi ba da izininta ba. Ta yi kuka sosai. Daga baya ta ce in yi abin da ya ce, ita ta san ubanta.

Ranar sadakar uku, bayan addu'a, na sanar cewa duk wanda ya taɓa jin labarin maigadi ya zo ƙarƙashin dalbejiya bayan La'asar, marigayi ya bar ƙarshen. Ban zaci za a taru haka ba. Telolin sun yi furfura, mai shayin ya rage haƙora, kuma a baya na ga wasu fuskoki da na sani, yanzu magidanta ne masu 'ya'ya. Na ɗauko Goggo a motata na tsaya gefen hanya, na sauke gilashi. Jikanta, wanda ya fara zama saurayi, yana zaune kusa da ita.

Ni ba mai labari ba ne, ban iya ja da saki irin na Bappa ba. Na faɗa musu kamar ina bayanin kaya. Na tuna musu inda aka tsaya, mai bincike riƙe da sanda. Na ce mai sandar ya kasa faɗin inda yake ne domin ya kai matarsa awo asibiti, kuma irinsu ba sa faɗin cikin fari a bainar jama'a, kunya ce. Wannan ba ƙirƙira na yi ba, haka aka yi, matar tana da rai. Na ce an kankare sandar ne don ta tsage. Na ce shi bai taɓa kowa ba, an ajiye shi a gaba ne don idonku ya tsaya a kansa, kuma ya tsaya. Wani ya tambaya daga baya, a hankali wannan karon, to wa ya kashe? Na ce mai binciken ne. Mai tabarau ɗaure da zare, mai shan shayi ba sukari. Shi ya san hanya, shi aka yarda da shi, shi ya nuna wa mutane inda za su duba.

Mai shayin ya kashe wutarsa. Ɗaya daga cikin na bayan ya zauna a ƙasa ya dafe kai, wani ya juya ya tafi da sauri. Makahon, wanda matarsa ta sake kawowa, ya gyaɗa kai ya ce wannan hannun abokinsa ne. Aka kira Magariba, mutane suka watse ɗaiɗai ba sallama.

Na koma mota. Goggo tana kallon gaba. Na jira, domin na san in ciniki ya zo nan mai hankali ba ya ƙara magana. Ta tambaye ni ko Hamma ne ya ce in faɗi haka, ko ni na ƙulla don in rufe bakinta. Na rantse mata shi ne. Ta ɗora hannunta a kan gwiwar jikanta, ta ce:

"Nawa na yafe masa, duniya da lahira. Na yaron kuwa ba nawa ba ne. Suna can tare, su ƙarasa."

Ban nemi ƙari ba. Na kai ta Shamaki, ta shiga gidan da ta ƙaurace wa, matan suka matsa mata wuri, ta zauna aka ci gaba da yi mata gaisuwar ɗan'uwanta.

Kamar yadda na gaya masa, haka ta faru. Na riga na ji a kasuwa wasu na cewa ashe tsohon ne da kansa, shi ya sa ya bar fita. Ba na tanka musu a can, don na ga abin da magana ke yi a bakin taro. Na rubuta a nan ne don mai karatu a natse. Bappa bai kashe maigadi ba. Ɗan Goggo ma bai kashe shi ba. Wanda ya yi, in yana da rai, yana cikin garin nan yana cin tuwonsa, kuma da Bappa na nan da ya ce haka littattafan suke ƙarewa.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya karɓi abin da ya bayar. Ya jiƙan taubashina, Ya jiƙan maigadin da kowa ya manta da shi a cikin wannan magana. Ya sassauta tsayuwar da ke tsakanin kawu da ɗan ƙanwarsa ranar da ba tafinta. Mu da muka rage, Ya tsare mu daga bakinmu da kunnenmu. Amin.